Jin Hausa Daban, Nazarin Hausa Daban: Tsokaci Kan Shirin Jarrabawa a Jami'a

Gabatarwa

A duk ƙarshen zangon karatu, idan aka manna sakamako a allon sanarwa, akwai wani abu da yakan ɗaure wa ɗaliban Hausa kai. Sai a ga ɗalibin da aka haifa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, wanda ya sha Hausa a nono, ya tashi da maki 7 ko 8 bisa 20 a darasin tsarin sauti ko na nahawu, alhali abokin karatunsa Bazabarme ko Babarbare, wanda da girmansa ya koyi harshen, ya haye ba tare da wata fargaba ba. Wanda ya faɗi yakan ce malami ne ya matse hannu, ko kuwa tambayoyin sun fita daga abin da aka koyar. Wani lokaci akwai ƙamshin gaskiya a wannan ƙorafi. Amma galibi matsalar ta samo asali ne tun ranar da ɗalibin ya yanke wa kansa hukuncin cewa darasin Hausa ba ya bukatar shiri tunda harshen uwa ne, ya karkatar da ƙarfinsa ga sauran darussa, ya bar Hausa sai daren jarrabawa.

Ra'ayin da wannan rubutu yake ɗauke da shi guda ɗaya ne. Jarrabawar Hausa a jami'a tana auna iya bayyana dokokin da magana take bi ne, ba iya maganar kanta ba. Wannan kuwa ƙwarewa ce ta hannu da kunne, irin ta saƙa ko ƙira, wadda ba ta samuwa sai da maimaita aiki mako bayan mako. Haddar takardun darasi a kwana ukun ƙarshe ba za ta maye gurbinta ba.

Batun ya wuce na maki kawai. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na Jamhuriyar Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Waɗanda za su koyar da harshen a makarantu, su fassara takardun hukuma, su gyara rubutun ƴan jarida, su ne ɗaliban da suke zaune a azuzuwan jami'o'in Yamai da Damagaram da sauransu a yau, tare da ƴan'uwansu da suka tsallaka Sakkwato da Katsina da Kano da Zariya neman digiri. Irin shirin da suke yi wa jarrabawa shi zai nuna irin malaman da za su zama gobe.

Abin da Jarrabawa Take Aunawa

A ɗauki ƴar gajeruwar jimlar nan: "ya tafi". Kowane Bahaushe yana furta ta iri huɗu ba tare da ya tsaya tunani ba. A cikin "Audu ya tafi", wasalin "ya" dogo ne mai karin sautin sama. A cikin "Audu ne ya tafi", karin sautin na sama ne amma wasalin gajere. A cikin "ana so ya tafi", wasalin gajere ne, karin sautin kuma ya koma ƙasa. Idan kuwa ana nufin mai yiwuwa ne ya tafi nan gaba, wasalin dogo ne, karin sautin ya faro daga sama ya faɗo. Rubutun yau da kullum bai bambance su ba, harshe ne yake bambancewa. Ɗalibi ya san huɗun nan a bakinsa tun yana yaro, amma ranar da aka ce ya rubuta su, ya sa musu alamar karin sauti da tsawon wasali, ya faɗi sunan kowane lokaci, sai alƙalami ya tsaya.

Haka abin yake a kalmomi. "Kuka" na hawaye sama-sama ne da dogayen wasula, "kuka" ta miya sama-ƙasa ce, "kuka" ta cikin "ku ne kuka zo" kuwa wasulanta gajeru ne. "Wuya" na jiki sama-ƙasa ne, "wuya" ta wahala ƙasa-sama ce. "Gari" na mazauni da "gari" na tuwo karin sautinsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Ɗalibin da ya haddace waɗannan misalai daga takardar malami zai ci tambayar da ta maimaito su. Da zarar an ba shi sabuwar kalma da ba ta cikin takardar, sai asirinsa ya tonu, domin kunnensa bai koyi aikin ba.

A fannin aikatau ma haka ne. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai, kuma har yau a kan wannan rabo ake gina darasi da tambaya. Daga saiwa ɗaya ake samun saya da saye da sayar da sayo da sayu. Aikatau na aji na biyu yana sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo shi: "abin da ya saya", "ya saye shi", "ya sayi doki". To, amma "ya saye shi" a rubuce tana da fuska biyu. Idan karin sautin "saye" ƙasa-sama ne, aji na biyu ne, ma'anarta saye kurum. Idan sama-ƙasa ne, aji na huɗu ne, ma'anarta ya saye shi kakaf bai bar komai ba. Mai jarrabawa da ya san aikinsa irin wannan wuri yake nema, domin a nan ake rabe wanda ya fahimta da wanda ya haddace.

Wannan ne dalilin da ya sa wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne yakan yi zarra. Shi tun farko ya san bai sani ba, don haka yana tambaya, yana duba ƙamus, yana gwada furuci. Ɗan gida kuwa sabo ya rufe masa ido.

Lissafin Awoyi

Jami'o'in Nijar, kamar na sauran ƙasashen yankin masu amfani da Faransanci, suna bin tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta amince da shi a 2007. A wannan tsari kowane zango yana da kiredi 30, digirin farko kuwa zango shida ne, wato kiredi 180. Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa kiredi ma'aunin awoyin aiki ne. Ana ƙiyasta kiredi ɗaya da awa 20 zuwa 25 na aikin ɗalibi, kuma wannan ya haɗa zaman aji da aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai a ɗaki ko a ɗakin karatu. Ko da an ɗauki mafi ƙaranci, zango guda ya kama awa 600 ke nan. Kwana uku kuwa, ko mutum bai runtsa ba, awa 72 ne. Wanda ya zauna a aji kawai, ya jingine nasa kason aikin har makon ƙarshe, yana ƙoƙarin ɗura ruwan randa a cikin moɗa ne.

Haka kuma tsarin bai rataya komai a kan jarrabawar ƙarshe ba. Akwai gwaje-gwajen cikin zango, da aikin gida, da gabatar da takarda a gaban aji, kuma duk suna da kaso a makin ƙarshe, ko da yake rabon ya bambanta daga sashe zuwa sashe. A jami'o'in Nijeriya ma aikin cikin zango yakan ɗauki kashi 30 ko 40 cikin 100. Ɗalibin da ya yi wa waɗannan riƙon sakainar kashi yana shiga ɗakin jarrabawa da bashi a wuyansa. Wasu sukan kwantar da hankalinsu da cewa akwai zagaye na biyu ga wanda bai kai 10 bisa 20 ba. Gaskiya ne akwai shi, sai dai an tanade shi ne domin wanda ya yi tuntuɓe. Wanda ya mayar da shi hanyarsa ta kullum yana tara darussan baya a kan na gaba, har digirin shekara uku ya koma na biyar, iyaye suna ta aiko da kuɗin abinci da na haya.

Hadda da Tuni

Ba a raina hadda. Akwai abubuwan da dole a riƙe su da ka: sunayen gaɓoɓin furuci, siffofin gaɓar Hausa guda uku, jerin wakilan suna, shekarun muhimman ayyuka. Kuskuren yana ga yadda ake yin haddar. Mafi yawan ɗalibai maimaita karanta takarda suke yi, sau biyar, sau goma, har shafin ya zama sananne ga ido, sai su ɗauka ya zauna a ka. Gane abu idan an gan shi daban yake da iya fito da shi idan babu shi a gaba, jarrabawa kuwa na biyun take nema.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani nassi. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuwa aka karɓe shi aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai lamarin ya juye, waɗanda suka wahalar da kansu wajen tunowa suka yi musu fintinkau.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo ba a barin almajiri ya wanke allonsa don ya daɗe yana kallonsa, sai ya kawo karatun da ka a gaban malam. Gardi kuwa yakan rubuta satu daga ƙwaƙwalwarsa, ya kai a saurara a gyara masa, sannan kullum yana tilawar abin da ya wuce don kada ya kuɓuce. Wato fito da karatu daga ka, da karɓar gyara, da komawa baya a kai a kai. Abin takaici ne ɗalibin da ya taso a wannan tarbiyya ya zo jami'a ya watsar da ita, ya koma kallon takarda.

Yadda za a mayar da wannan ga darasin Hausa ba shi da wuya. Bayan kowane darasi, a ranar, ɗalibi ya rufe littafinsa ya rubuta abin da ya tuna a farar takarda, sannan ya buɗe ya ga inda ya yi giɓi. Bayan kwana uku ya sake, bayan mako ya sake. Duk dokar da aka koyar, ya nemo mata misalai biyar nasa na kansa waɗanda malami bai kawo ba. Idan an koyar da ganɗantawa da misalin mota da motoci, shi ya kawo kaza da kaji, ƙasa da ƙasashe, gida da gidaje, kasuwa da kasuwoyi, sata da "ya saci", ya kuma faɗi baƙin da ya sauya a kowanne da wasalin da ya jawo sauyin. A ɓangaren karin sauti, ya zaɓi kalma goma kullum, ya furta, ya yi fitonsu ko ya yi gunjinsu baki rufe don ya ji hawa da saukar murya, ya sa alama, sannan ya duba ƙamus mai nuna karin sauti, irin na Abraham, ya ga nawa ya dace. Minti ashirin ya isa. A cikin wata biyu kunne zai buɗe.

Karin Harshen Gida Jari Ne

Ɗalibai da yawa daga Adar da Gobir da Arewa da Kurfai suna ɗaukar karin harshensu a matsayin cikas, saboda littattafan da ake karantawa an gina su a kan daidaitacciyar Hausa, wadda ta fi kusa da Kananci. Lallai ne ɗalibi ya iya rubuta daidaitacciyar Hausa. Amma a fagen nazari, karin harshen gida dukiya ce da Bakano ba shi da ita.

Misali mafi kyau shi ne dokar da ake kira da sunan August Klingenheben, wanda ya bayyana yadda wasu baƙaƙe suke raunana idan suka zo ƙarshen gaɓa. Ita ce ta bayyana dalilin da ya sa ake da talaka amma talauci, ɓauna amma ɓakane, buzu amma bugaje. A kowane misali jam'i ko kalmar asali ta adana tsohon baƙin da ya narke a ɗaya siffar. Wani ɓangare na dokar, wanda ya shafi baƙaƙen leɓe, bai kai ga karin harshen yamma ba. Shi ya sa inda Bakano yake cewa sauka da zauna da aure, mutumin yamma yana cewa sabka da zamna da amre. Ɗalibin da kakarsa take cewa "zamna" yana ɗauke da hujjar tarihin harshe a gidansu. Haka ma "munka" da "sunka" a madadin "muka" da "suka", da dirkar "na" da "ta" a madadin "ne" da "ce", da "tahi" a madadin "tafi", da kalmomin aro daga Faransanci irin su lakwal da mushe. Amsar da ta jero siffar littafi da siffar gida, ta bayyana dokar da ta haɗa su, ta fi wadda ta kwafo misalan takarda daraja a idon duk mai gyara na ƙwarai.

Saboda haka ƙungiyar bita mafi amfani ita ce ta mutum uku ko huɗu daga yankuna dabam-dabam, kuma in da hali a samu wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne a ciki, domin shi ne zai yi tambayar da ƴan gida ba za su taɓa yi ba. Aikin ƙungiyar shi ne yi wa juna tambaya da gyara wa juna rubutu. Idan ta koma mutum ɗaya yana karantawa saura suna gyangyaɗi, ta tashi daga bita.

Akwai kuma matsalar kalmomin fannu. Ɗalibi a Nijar yakan ji darasi da Faransanci, ya karanta nahawun Paul Newman na 2000 ko na Philip Jaggar na 2001 da Ingilishi, sannan ya ci karo da littattafan M. A. Z. Sani da Hausa. Abu ɗaya, suna uku. Maganin wannan shi ne ƙaramin littafi mai layi uku, inda za a rubuta kowace kalmar fanni da harsunan uku tare da misali ɗaya, tun daga makon farko. Wanda bai yi haka ba yakan san amsa amma ya kasa gane tambaya.

Ƙa'idojin Rubutu

Babu inda maki yake zubewa a banza kamar nan. Saƙonnin waya sun saba wa hannu da rubutu marar ƙugiya da haɗe kalmomi barkatai, hannun kuwa ba ya sauya hali don an shiga ɗakin jarrabawa. "Ya ba ta", da "ya bata", da "ya ɓata" ba abu ɗaya ba ne: ta farko kyauta ce, ta uku hasara ce, ta tsakiya kuwa kuskure ne kawai. Haka "kasa" da "ƙasa" da "ka sa", ko "baki" da "baƙi". Ana haɗe "yana" da "yake" da "yakan", ana raba "za su" da "ba ya". Ana haɗe gajeruwar mallaka kamar "littafinsa", ana raba doguwa kamar "littafin nan nasa". Ana raba wakilin suna karɓau daga aikatau, a rubuta "ya gan shi". Ɗalibin da zai rubuta jarrabawa a Nijar ya san cewa tsarin rubutun da hukuma ta tabbatar a 1999 yana amfani da harafin ƴ, a Nijeriya kuwa 'y aka fi sani. Ya bi na inda yake, kuma kada ya gauraya su a takarda ɗaya.

Ƙa'idojin nan ba a koyonsu da karanta jerinsu. Hanyar ita ce shifta. Ɗalibi ya ɗauki minti uku na labaran rediyo a wayarsa, ya rubuta su da hannu, ya ba abokinsa ya bi da jan alƙalami. Sau biyu a mako ya wadatar. Wanda ya ƙudura cewa ko a saƙon waya ba zai ƙara yar da ƙugiya ba ya rage wa kansa rabin aikin.

Adabi Ba a Karanta Shi a Taƙaice

A darussan adabi kuskuren ya ɗauki wata kama: karanta taƙaitawa maimakon littafi. Kowa ya haddace cewa gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, da kuma sunayen marubutansu. Wannan maki biyu ne ko uku. Sauran makin yana ga tambayar da za ta ce a kwatanta yadda Abubakar Imam ya sarrafa tafiya a matsayin zaren labari da yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sarrafa ta, kuma ba mai amsa wannan sai wanda ya bi littattafan biyu shafi-shafi. Littattafan kuwa ƙanana ne, kowanne bai fi karatun yini ɗaya ko biyu ba.

Waƙar baka ita ma sai an saurare ta. Matakan nazari da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa, da waɗanda Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara wa rubutacciyar waƙa, kayan aiki ne kamar fartanya, ba a gane amfaninsu sai an shiga gona. Ɗalibi ya ɗauki waƙa ɗaya ta Narambaɗa ko Shata ko Mamman Gawo Filinge, ya rubuta ta da hannunsa, ya fitar da gindinta da ɗiyanta, ya nuna jigo da kalmomin da suka tabbatar da shi, ya bi salon ɗa bayan ɗa. Wanda ya feɗe waƙa uku haka kafin jarrabawa ba zai razana ba idan aka ajiye masa ta huɗu da bai taɓa ji ba.

Uzurorin da Ake Kawowa

Ɗalibai suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce wasu malamai ba sa son komai sai a mayar musu da kalmominsu yadda suka faɗa, don haka hadda ce take biya. Akwai irin waɗannan malamai, kuma laifi ne babba a kansu. Malamin da yake maimaita tambayoyi iri ɗaya shekara da shekaru, ko yake rage wa ɗalibi maki don ya kawo misali daga karin harshensa, shi ne yake koya wa aji lalaci. Haƙƙi ne a kan masu koyarwa su riƙa kawo bayanan da ɗalibi bai taɓa gani ba don ya yi aiki a kansu, su sanar da ranakun gwaji da wuri, su kuma mayar da takardun da aka gyara domin kowa ya ga kuskurensa. Duk da haka, wanda ya fahimci darasi yana iya haddace ma'anar malami cikin sa'a guda ya ba shi abin da yake so. Wanda ya haddace kawai ba shi da mafita ranar da ya gamu da malami na ƙwarai, ko ranar da ya zauna rubuta kundin kammala karatu, inda babu takardar da za a kwafa.

Hujja ta biyu ita ce rashin tabbas na kalanda: yajin aiki, shekarun karatu masu hawa kan juna, darasin da ake cusa shi cikin mako biyu saboda malamin baƙo ne, ga cunkoso, ga zafi, ga ɗaukewar wuta. Duk gaskiya ne. Sai dai wannan hujja tana goyon bayan shiri da wuri ne. Wanda bai san ranar da za a kira shi ba shi ya fi kowa bukatar zama cikin shiri, kuma makonnin da aka rufe azuzuwa su ne lokacin karanta littattafan adabi da yin shifta.

Ta uku ita ce ƙarancin littattafai. Nan ma an samu sauƙi. Ƙamusun Bargery na 1934 yana kan intanet, wayar hannu tana ɗaukar murya, kuma babban abin nazarin, wato harshen kansa, yana kasuwa da tasha da tsakar gida kyauta. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne manhajojin da suke rubuta amsa da kansu. Sukan kawo bayani mai santsi game da Hausa wanda karin sautinsa ko misalansa ba daidai ba ne, kuma ɗalibin da bai horar da kunnensa ba ba shi da abin da zai tace su. Satar amsa kuwa, ta takarda ce ko ta waya, ko ta tsallakar da mutum a ranar, tana jiran sa a gaban allo lokacin da ɗan aji uku zai tambaye shi dalilin da ya sa ake raba "za su".

Makon Jarrabawa

Idan an yi aikin zango yadda ya kamata, makon ƙarshe na gwaji ne kawai. Ɗalibi ya nemo tambayoyin shekarun baya, ya zauna da agogo, ya amsa su a rubuce cikin lokacin da za a ba shi, ba tare da duba littafi ba. A nan zai gano ko hannunsa yana da saurin da ake bukata. Ya kula da aikatau ɗin da ke cikin tambaya, domin "kawo" jeri take nema, "bayyana" tana neman dalili da misali, "kwatanta" tana neman kama da bambanci duka biyu, "tattauna" kuwa tana neman a auna ra'ayoyi a tsaya a kan ɗaya. Da yawa sukan zazzage duk abin da suka sani a kan batu, su bar abin da aka tambaya.

A ɗakin jarrabawa, ya karanta tambayoyin duka kafin ya fara, ya raba lokaci gwargwadon makin kowace tambaya, ya ware minti goma na ƙarshe don bin ƙugiyoyi da rabon kalmomi. Kowace doka da ya ambata ya biyo ta da misali, kowane misali ya nuna abin da yake tabbatarwa. Daren jarrabawa kuwa na barci ne. Kwana a zaune da shayi da goro yana raunana daidai abin da tambayar karin sauti take bukata, wato natsuwa da saurin rarrabewa.

Kammalawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin Hausa ya fi ɗalibin kowane fanni sa'a, domin abin da yake nazari yana bakinsa, yana kuma kewaye da shi dare da rana. Wannan sa'ar ce kuma take yaudararsa har ya ɗauka ya gama sani. Abin da ake nema a gare shi bai taka kara ya karya ba: kalma goma a kullum don kunne, shifta biyu a mako don hannu, misalai biyar nasa na kansa ga kowace doka, da karanta littafi ko sauraron waƙa gaba ɗayanta. Wanda ya fara wannan a makon farko na zango zai tarar da jarrabawa a matsayin aikin da ya saba yi, kuma ranar da aka damƙa masa aji ko takardar fassara, zai iya sauke nauyin da shaidar digirinsa ta ce ya iya ɗauka.